Hasken Masallaci da Bakin Tiya



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, yau zan ɗan tsawaita, sai ku yi mini haƙuri. Tambayoyi biyu ne suka iso gare ni cikin mako guda. Da farko na ɗauka babu abin da ya haɗa su, sai da na kwana a kansu na ga ashe uwarsu ɗaya.

Ta farko, wani bawan Allah ne daga cikin mutanen masallacinmu, mai sayar da hatsi da wake a kasuwa, ya tsayar da ni bayan sallar Isha'i, kimanin mako uku bayan ƙaramar Salla. Bana ne ya fara shiga i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan. Ya ce mini: "Malam, a cikin kwanakin nan na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Idan liman ya kai ayar azaba sai in ji kamar ga wutar nan a gabana. Na yi kuka har rigata ta jiƙe, na yi wa Allah alkawari iri-iri. To ga shi na koma rumfa. Yau tun safe jayayya nake yi da mutane a kan dala biyar, na yi faɗa da mai amalanke, na tsaya sallar La'asar ina lissafin buhunan da suka rage. Wallahi ina tsoron ko munafunci ne ya kama ni."

Ta biyu kuwa saƙon murya ne da wata baiwar Allah ta turo ta wayar ƙanenta. Mijinta tela ne, mai hannu a sana'arsa, amma an kusa shekara rabonsa da buɗe shago. Ya ce Allah Ya yi masa buɗi, duniya ta fita daga ransa, ba ya son abin da zai shagaltar da shi ga barin ambaton Allah. Yana wuni ko dai a masallaci ko a ɗaki da carbi a hannu. Ita ke tashi da asuba ta soya ƙosai domin ƴaƴa huɗu su sami abin kalaci, mai gidan da suke haya kuma ya fara maganar su tashi. Tambayarta ita ce: idan ta yi ƙorafi, shin ta shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa ke nan?

Uwar tambayoyin biyu ita ce zaton cewa hasken da Allah ke jefawa a zuciyar bawa da rayuwar yau da kullum kishiyoyi ne da ba sa zama gida ɗaya. Mai hatsi ya koma kasuwa sai ya ɗauka hasken ya gudu. Tela ya guji shago don kada hasken ya gudu. A ganina duk su biyun sun yi kuskuren fahimtar abin da aka ba su. Wanda aka miƙa wa fitila, saboda duhun hanya aka miƙa masa ita. In ya zauna yana kallonta a ɗaki, ko ya bar ta a masallaci ya fita yana lalube, bai amfana da kyautar ba.

Mai hatsi ban ƙirƙiro masa amsa ba, domin an riga an yi tambayarsa a Madina. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Hanzala al-Usayyidi (R.A), ɗaya daga cikin marubutan Manzon Allah (S.A.W). Wata rana ya haɗu da Sayyidina Abubakar (R.A), ya tambaye shi lafiya, sai Hanzala ya amsa da cewa shi kam ya zama munafuki. Da aka nemi dalili sai ya bayyana cewa idan suna gaban Annabi yana tunatar da su wuta da aljanna, sukan ji kamar da ido suke ganinsu, amma da zarar sun fita sun cuɗanya da mata da ƴaƴa da harkokin neman abinci, sai su manta da yawa. Abubakar bai tsawata masa ba. Rantsuwa ya yi cewa shi ma yana samun irin haka. Suka tafi tare wurin Manzon Allah, ya sanar da su cewa da za su dawwama a kan halin da suke ciki a majalisinsa, da mala'iku sun riƙa yin musafaha da su a kan shimfiɗunsu da kan hanyoyinsu, amma kowane hali da lokacinsa. Ya maimaita wannan har sau uku.

Ku lura da abin da Annabi bai faɗa ba. Bai ce wa Hanzala ya rabu da gonarsa ya tare a masallaci ba, bai kuma ce abin da yake ji a majalisi ruɗi ne ba. Ya gaskata halin, ya kuma gaskata saukowa daga gare shi, domin haka aka halicci ɗan Adam. Malaman tarbiyya sun bambanta tsakanin abin da suke kira hali da abin da suke kira maƙami. Hali baƙo ne: ba da kiranka yake zuwa ba, ba ya kuma jiran sallamarka in zai tafi. Hawayen daren 27 yana daga cikinsa. Maƙami kuwa shi ne abin da ya zauna a jikin mutum da ƙoƙari da taimakon Allah, kamar tuba da haƙuri da tsentseni. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai hatsi ba ita ce ina hawayen suka tafi ba. Ya duba abin da baƙon ya bar masa a gida.

A nan dole in tsaya in gyara wata muguwar fassara da ake yi wa wannan hadisi a fada da wuraren hira. Wasu sun mayar da shi hujjar raba rana biyu: lokacin Allah da lokacin son zuciya. Wannan ƙage ne. Abubuwan da Hanzala ya lissafa, iyali ne da neman halali. Lokaci na biyu shi ma na Allah ne, tufafinsa ne kawai suka bambanta.

Akwai wani wuri a farkon Sahihul Bukhari da ban taɓa karantawa ba ban tsaya ba. Babu buɗin da ya kai saukar wahayi. Manzon Allah (S.A.W) yana da shekara 40, ya keɓe a kogon Hira, Mala'ika Jibrilu ya zo masa. Ina ya nufa daga nan? Gida ya koma wurin matarsa, zuciyarsa tana kaɗawa, yana neman a lulluɓe shi. Da ya gaya wa Nana Khadija (R.A) cewa yana jin tsoro ga kansa, ku dubi hujjar da ta kafa masa cewa Allah ba zai taɓa kunyata shi ba. Ba ta ƙirga darerun da ya yi a kogo ba. Ta ambaci sada zumuntarsa, da ɗaukar nauyin gajiyayye, da ba wa wanda ba shi da komai, da karrama baƙo, da taimako a kan masifun da ke faɗa wa mutane. Mace mafi hankali a wannan al'umma, a lokacin da take son ta tabbatar cewa abin da ya zo wa mijinta daga Allah ne, ma'amalarsa da mutane ta ɗauko ta auna. Wannan ma'auni nake kira mu koma gare shi.

Alƙur'ani ma haka ya jera maganar. Aya ta 35 a Suratun Nur ita ce ayar haske da kowa ya sani. Aya ta 36 ta ambaci masallatai. Ta 37 kuwa ta siffanta mazajen da ke raya su da cewa fatauci da ciniki ba sa shagaltar da su ga barin ambaton Allah da salla da zakka. Mutum ba a yaba masa a kan cewa ciniki bai shagaltar da shi ba sai in yana da cinikin. Kuma kada mu manta, daga cikin abin da kafiran Makka suka soki Annabi da shi, kamar yadda ya zo a Suratul Furƙan, akwai cewa yana cin abinci yana yawo a kasuwanni. Su ne suka fara tunanin cewa mutumin Allah bai dace da kasuwa ba, Allah kuwa Ya mayar musu da cewa duk manzannin da suka gabata haka suke.

To mu shigo kasuwar. Kowa a cikinmu ya san tiya, daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, zuwa Katako a Yamai, zuwa ƴar kasuwar ƙauye da ke ci mako-mako. Kowa kuma ya san abin da ake yi da ita. Akwai mai tiya biyu: babba ta sayen hatsin mutumin ƙauye da kaka, da wadda aka ɗan buga wa gindi ta sayar wa mutumin gari da bazara. Akwai mai tara hannu a gefe in yana saye, ya share baki in yana sayarwa. Akwai mai zuba tsaba mai kyau a bakin buhu, ƙasa kuwa tsakuwa ce da ƙaiƙayi. Akwai mai gauraya tsohon wake da ƙwari suka huda da sabo. Buhu yakan ɗauki tiya 40 ko kusa da haka, sai mai hankali ya lissafa abin da tafi guda a kowace tiya zai tara a buhu ɗari, ya kuma tuna daga tukunyar wa aka ɗebe shi.

Sura guda Allah Ya saukar da sunan masu wannan aiki, Suratul Muɗaffifin, Ya buɗe ta da narkon azaba. An ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A) cewa lokacin da Annabi ya iso Madina mutanenta suna cikin mafi munin mutane wurin awo, da surar ta sauka sai suka gyara. Ga alamar shigar haske a gari: kwanon awo ya cika. Mutanen Madyana kuwa, waɗanda aka aiko wa Annabi Shu'aibu (A.S), sun yi masa ba'a cewa ko sallarsa ce ke umurtarsa da shiga tsakaninsu da dukiyarsu. Su ma so suka yi salla ta tsaya a inda take, kasuwa ta tsaya a inda take, ƙarshensu kuma sananne ne. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ya ji damshi a ciki, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barrantar da kansa daga mai algus. Hannun da ake ɗagawa a tahajjud har ƙafafu su kumbura, shi ne dai hannun da ya shiga cikin tarin abincin nan.

An ba da labarin wani mutum da ya zo ya yi wa wani shaidar kirki a gaban Sayyidina Umar (R.A). Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ko sun taɓa yin tafiya tare, ya ce a'a. Ko kuɗi sun taɓa haɗa su, ya ce a'a. Sai Umar ya ce masa wataƙila a masallaci ya gan shi yana sunkuyawa yana ɗagowa, ya sallame shi da cewa bai san mutumin ba. Mu yau mun juya wannan ma'auni. Muna ba mutum amana saboda sahun gaba da baƙin goshi, in ya cinye sai mu ce addini ne ya cuce mu. Wanda ya karanta Ta'alimul Muta'allim zai tuna labarin Imamu Muhammadu ɗan Hasan, almajirin Abu Hanifa, da aka ce masa ya rubuta littafi a kan gudun duniya, ya amsa da cewa ai ya rubuta littafi a kan ciniki. Ko Ahlari da muka fara da shi a zaure muna yara, tun a shafukan farko ya sanya mayar da haƙƙin mutane cikin abin da tuba ke buƙata, ya kuma hana mutum ya shiga wani aiki kafin ya san hukuncin Allah a cikinsa. Nawa ne daga cikin ƴan kasuwarmu suka zauna gaban malami suka karanta babin ciniki na Risala, ko da sau ɗaya?

Bashi ma haka. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ya tabbata cewa ana gafarta wa shahidi komai in ban da bashi. Amma sai ka ga mutum ya je Umra sau uku, mai shagon unguwa kuwa yana bin sa jikka goma tun bara, in ya hango shi sai ya sake hanya.

Yanzu ga maganar tela. Ba zan ƙaryata abin da ya ce yana ji ba, domin zukata a hannun Allah suke, kuma na san mutane da yawa da zikiri ya fitar da su daga shaye-shaye da caca. Abin da nake tuhuma shi ne hukuncin da ya gina a kan abin da ya ji. Imamul Bukhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi (R.A) ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i (R.A), ya tarar da Ummud Darda'i cikin tufafi marasa kyau. Ya tambaye ta, ta ce ɗan'uwansa ba shi da buƙatar duniya. Aka kawo abinci, Abud Darda'i ya ce yana azumi, Salmanu ya ƙi ci sai ya ci. Dare ya yi, ya tashi zai yi salla, Salmanu ya sa shi ya kwanta, ya sake tashi ya sake kwantar da shi, sai a ƙarshen dare suka yi salla tare. Sannan ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi. Da labarin ya kai ga Manzon Allah, Salmanu ya gaskata. Abin da ya fara nuna wa Salmanu cewa akwai gyara a ibadar ɗan'uwansa, tufafin matarsa ne. A hadisin Abu Dawuda kuma an bayyana cewa tozarta wanda mutum ke ciyarwa ya ishe shi zunubi.

Idan tela zai ce malaman zahiri ne ba su san daɗin abin da ya ɗanɗana ba, to ga mutanen fannin. Ibnu Aɗa'illah na Iskandariyya, wanda ya rasu a shekara ta 709 bayan Hijira, tun a farkon littafinsa Hikam ya yi gargaɗi cewa mutum ya so barin sababi alhali Allah Ya tsayar da shi a cikinsa, wata ɓoyayyar sha'awa ce. Ma'ana, rai yakan gaji da wahalar zare da allura da fitinar masu kawo ɗinkin Salla, sai ya sa wa gajiyarsa rawanin zuhudu. Imamul Gazali ya bar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekarar 1095, ya yi shekaru kusan goma sha ɗaya a keɓe, amma an ambata cewa kafin ya fita sai da ya tanadar wa iyalinsa abin da zai ishe su, daga baya kuma ya koma koyarwa a Naisabur a 1106. Littafin da ya fito da shi daga wannan keɓewa, Ihya'u Ulumid Din, kashi huɗu ne, kuma kashi guda cikakke a kan al'adun rayuwa yake: ladubban cin abinci, aure, neman abinci, halal da haram, zama da mutane, tafiya. Mutumin da ya kai inda ya kai ya dawo yana koya wa mutane yadda ake ciniki.

A ƙasarmu ma ba mu rasa misali ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, garin da ke cikin Nijar ta yau, Baƙadire ne mai wuridi da halwa. Duk da haka a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke zaune da ɗalibai safe da yamma, sun bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilcin abin da Allah Ya wajabta musu. Masu tarihi sun kuma ambata cewa yakan tufka igiya da hannunsa domin ya ci daga guminsa. Annabi Dawuda (A.S) daga aikin hannunsa yake ci, Annabi Zakariyya (A.S) masassaƙi ne. Keken ɗinki bai fi ƙarfin kowa ba.

Na san wani zai ce: Malam, ka mayar da addini kyawun hali da riƙon amana kawai, alhali akwai wanda ba ya salla ma yana cika awo. Wannan magana tana da nauyi, kuma akwai masu fakewa da irin abin da na rubuta. Ka ce wa mutum ya tashi an kira salla, ya ce maka ai neman halali ma ibada ne, har rana ta faɗi bai yi La'asar ba. Suratul Jumu'a ta yanke wannan: in an yi kira a bar ciniki a tafi, in an idar a watsu a nemi falalar Allah, a kuma ci gaba da ambatonsa da yawa. Da fita da komowa duk umurni ne. Fitila in ba a zuba mata mai ba mutuwa take yi, man kuwa shi ne salloli biyar a kan lokaci, da karatun Alƙur'ani, da zikirin safe da maraice, da ɗan abin da ya sauwaƙa na dare. Wanda ke cika awo don kada masu saye su gudu, ranar da ya ga baƙon da ba zai sake dawowa ba zai tauye. Abin da ke riƙe hannu a ranar da babu mai gani shi ne ihsanin da aka bayyana a hadisin Jibrilu, wato bawa ya san cewa Allah na ganinsa. Ana koyon wannan a kan sallaya, ana jarraba shi a bakin tiya.

Wanda kuma ya ce ya kai matsayin da salla ko azumi suka faɗi daga kansa, wannan ba ma cikin maganarmu yake ba. Manzon Allah an fito da shi zuwa masallaci a ciwon ajalinsa yana dafe da mutum biyu. Manyan sufaye da kansu, irin su Junaidu da Abu Yazidal Bisɗami, sun yi gargaɗi cewa ko an ga mutum yana aikata abin al'ajabi kada a ruɗu da shi sai an ga yadda yake tsayawa a kan umurni da hani. Kada kuma wani ya ɗauki wannan rubutu ya tura wa abokin gardamarsa da nufin tsokana. Ciwon bai san ɗarika ba, bai san wanda ba ya ɗarika ba. Na ga mai wazifa da ke tauye awo, na kuma ga mai haddar hadisai da isnadinsu wanda ma'aikatansa ke bin sa albashin wata uku.

Sai iyayenmu mata, waɗanda wannan kuskuren fahimta ya fi cutarwa. Da yawa daga cikinsu suna fita daga Ramadan da baƙin ciki, suna ganin maza sun kwashe lada a masallaci su kuwa sun ƙare a bakin murhu. Wa ya dafa sahur ɗin da aka kai wa mai i'itikafi? A cikin Bukhari da Muslim, Anas (R.A) ya ba da labarin wata tafiya a rana mai tsananin zafi: masu azumi suka zube don gajiya, waɗanda ba su yi azumi ba suka kafa tantuna suka shayar da dabbobi, Annabi ya ce a ranar su ne suka tafi da lada. Nana Faɗima (R.A) kuwa dutsen niƙa ya yi wa hannunta kanta, ta nemi mai aiki wurin mahaifinta, sai ya koya mata ita da Sayyidina Aliyu tasbihi 33 da tahmidi 33 da kabbara 34 lokacin kwanciya. Shugabar matan aljanna a tsakanin dutsen niƙa da shimfiɗa aka ba ta wuridinta. Sai dai kada maza su mayar da wannan hujjar naɗe hannu, domin da aka tambayi Nana A'isha (R.A) abin da Annabi ke yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita.

Matar tela na amsa mata cewa ƙorafinta ba zunubi ba ne. Hindu ƴar Utba ta kai ƙarar ƙwauron mijinta Abu Sufyan gaban Manzon Allah, bai ce ta yi rashin kunya ba, hukunci ya ba ta. Ci da tufafi da wurin kwana haƙƙinta ne na wajibi, nafila kuwa ba ta ture wajibi, kuma a mazhabar Malikiyya tana da damar kai maganar gaban alƙali in abin ya ƙi gyaruwa. Na shawarci ƙanenta da su fara da manyan dangi, su kuma sami malamin da mijin ke jin maganarsa, domin irin wannan mutum ba ya karɓar gyara daga wanda yake ganin bai ɗanɗani abin da ya ɗanɗana ba.

Mai hatsi kuwa, bayan na ba shi labarin Hanzala na ga fuskarsa ta saki. Sai na tambaye shi tiya nawa ke rumfarsa. Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba. Daga baya ya ce biyu ne, kuma duk layinsu haka ake yi, in ya koma guda ɗaya ribarsa za ta ragu ƙwarai, ga iyali, ga kuɗin lakkol na yara. Ban yi masa alkawarin cewa ba zai yi asara ba, domin mai yiwuwa ne ya yi ta a bana. Abin da na ce masa shi ne, a cikin alkawuran da ya yi wa Allah a daren da rigarsa ta jiƙe, wannan ne ya fara zuwa neman a cika shi. Har yanzu bai gaya mini abin da ya yanke ba, amma yana nan a sahu kowace Isha'i, ku sa shi a addu'a.

A rubutu mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba hukuncin sayen hatsi tun yana gona da sharuɗɗan da malamai suka gindaya masa, domin an turo tambayoyi da dama a kansa daga wajen Tawa da Maraɗi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.